Na Musanya Faifan Baba, Ashe Waƙafi Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Haifaffen Makka ne ni, a Utaibiyya, ina karɓar baƙi a wani otal a Misfala. Ciwona ɗaya, tara faifan garmaho. Ba kowane iri ba, kiɗan gareji, wanda samarin Turawa na da suke bugawa a garejin gidajensu, jita na kuka kamar injin niƙa, da ɗan'uwansa saikadelik mai juya wa mutum kai. Kada ku tambaye ni dalili. In na taso aiki kaina ya yi zafi, na ɗora allura a faifai na toshe kunnuwa da iyafis, sai in ji na dawo mutum.

Bara wani mai tara faifai a Jidda ya nuna min guda goma sha biyu da na yi shekara shida ina nema. Ya ce shi ba ya sayarwa, musaya yake yi, kuma tsofaffin faifan karatun Alƙur'ani yake so. Mu kuwa akwai na marigayi Babanmu a akwati saman kabad, ba mai taɓa su. Na ce wa kaina, karatu yana wayar kowa yanzu, wa zai neme su? Na kwashe na kai masa, na bar kwalayensu, na zura nawa a ciki don kada a gane. Wato kwalin da aka rubuta Suratu Maryam, ihu ne da jita a cikinsa. Wane irin ɗa ne ni?

Jiya na shigo gida na tarar da akwatin a gaban Umma, da ƙanenta da ya zo Umara daga Kano. Ta ce, "Ya waladi, ɗana, zo ka ɗaure wa Kawunka wannan. Babanka ya yi waƙafinsu tun yana asibiti, ya ce a kai wa makafin masallacin unguwarsu ta Kano su riƙa saurare. Ni ce na kasa rabuwa da su, Allah ya yafe min." Na ce, "Umma, wa ke da garmaho yanzu? Bari in tura musu a waya." Ta ce, "Halas, magana ta ƙare, abin waƙafi ba a canza shi, ba a sayar da shi, ya tashi daga namu." Kawu ya ƙara da cewa liman har ya gyara garmahonsa, za a tara dattawa a kunna a yi wa Baba addu'a. Ta kulle akwatin ta ba shi makulli.

Na kira mutumin Jidda ina roƙo kamar zan yi kuka, ya ce tuni faifan suka bar ƙasar. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, a cikin masallaci za a ɗora allura da sunan mahaifina. In na faɗa, da wane baki zan kalli tsohuwar da take istigfari don kawai ta ajiye su, ga ta da hawan jini?

Jirgin Kawu ranar Asabar ne, yau Alhamis. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?