Tsatsar da Ka Sa Aka Wanke Mini

Zuwa ga Shugaban Sashenmu na Kimiyyar Sinadarai,

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa. Na zo ofishinka ka sallame ni da "a yi haƙuri", shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na farko, bari in tuna maka aikin digirina na uku. Wata roba ce mai ɓangare biyu da ba sa jituwa, kamar mai da ruwa. Nakan shimfiɗa ta siririya a kan ƙananan gilasai, in turara ta da sinadari har ɓangarorin su jeru da kansu. Sai in jiƙa ta da ruwan gishirin ƙarfe, wanda ɓangare ɗaya kaɗai ke sha, sannan in ƙone robar. Abin da ke saura ɗigo-ɗigon tsatsa ne a jere, ido ba ya ganinsu, sai ɗan sheƙi a kan gilashin. Kai ka laƙaba mini "mai kiwon tsatsa" a taron sashe, aka yi ta dariya.

Na biyu, ranar da baƙi masu duba sashe za su zo, ina asibiti da mahaifiyata. Ka shiga ɗakin gwaji, ka ga sheƙin nan, ka ce maiƙo ne, ka sa aka dirje gilasaina da soso da sabulu. An ce har yabon tsabta ka sha. Gilasan nan su zan aika waje a ɗauki hotonsu da na'urar da ba mu da ita, ga shi wa'adin karatuna bana zai ƙare. Ban ga laifin masu shara ba, umarni suka bi. Kai ne ban yafe wa ba.

Ina neman a ƙara mini wa'adi, a kuma ba ni makullin durowata ta ɗakin gwaji, in riƙa kulle gilasaina. Na riga na koma wurin mai yankan gilashi a titin Sama, na sake sabon lale.

Na san ba takardar binciken da ke fita daga sashen nan sai da sunanka a kai. Wannan ma ba zan hana ka ba. Na ɓoye gilashi ɗaya cikin waɗanda aka wanke, zan aika shi tare da sababbin. Hotonsa zai fito a takardata fayau, babu ko ɗigo, a ƙarƙashinsa kuma cikakken sunanka da muƙaminka, tunda aikinka ne.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiyar ido, ka karanta da kanka.

Wassalam.

Ɗalibarka mai kiwon tsatsa,
Gidan Igwai, Sakkwato.