Bargon Idwal

Gonar Blaenant, kusa da Tregaron
3 ga Satumba, 1974

Zuwa ga ƙanwata Nesta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar taki mai ciwo. Mu nan sai godiya. Ruwa bai bar mu mun kwashe ciyawa cikin daɗi ba, amma dai an kwashe.

Ga ƙunshi nan na aiko, ƙyallaye ne. Ina so ki haɗa min bargo irin wanda Mama ta koya mana, fuska biyu da ulu a tsakiya. Kada ya yi faɗi, ƙafa uku da rabi ya isa, na gadon mutum ɗaya. Da ni zan yi, amma kin san yatsuna, yanzu ko zare ba na iya zurawa a allura, almakashi ma da hannu biyu nake riƙe shi. Ina buƙatarsa kafin ƙarshen wata. Ba na son ado, ki haɗa su yadda suke.

Kada ki cika ni da tambaya, na san halinki.

Yayarki,
Tegwen

Llanelli
6 ga Satumba

Yaya Tegwen,

Ina gaishe ki da kyau. Ƙunshi ya iso, gwiwa kuma tana nan tana gasa ni kamar kullum.

Kin ce kada in yi tambaya. To ai da sai ki aika wa wata, ba ni ba. Shekara talatin ina yi wa matan garin nan ɗinki, ƙyalle in na taɓa shi sai ya faɗa min inda ya fito. Na baza naki a kan tebur tun safe, shayina har ya huce ban sha ba.

Rigunan aiki na Yaya Idwal masu ratsi-ratsi, su na gane, sun ci zamaninsu. Amma shuɗiyar nan fa? Ni na ɗinka masa ita da hannuna bara waccan don zuwa coci, ko zare ɗaya bai saki ba. Kin manta yadda Mama ke buge mana yatsu da cokali in muka sa almakashi a tufar da ba ta mutu ba? Ke da kika fi kowa kiyaye wannan doka, me ya kai ki?

Sai labulen nan mai furanni rawaya. Gefe ɗaya ya koɗe, ɗaya bai koɗe ba, wato na tagar kicin ne, wadda ke kallon garken tumaki. Yanzu me ke rataye a wurin? Ko kin bar masu wucewa suna leƙen tukunyarki? Ga kuma kwat ɗinsa na zuwa kasuwar dabbobi, da warin tumaki da taba, kyanwata ta bi ta haukace a kansa.

Gadon ma ya hana ni sakat. Babu siririn gado a Blaenant, mafi ƙanƙanta mu uku muka kwana a kai da 'yar'uwarmu marigayiya Buddug. Baƙo kika sauke? Ko munsharin mutumin naki ne ya ishe ki bayan shekara arba'in da ɗaya kika kora shi rumbu?

Ina wasa ne, amma na damu. Duk wasiƙarki kina rufe ta da “Idwal na gaishe ki”, ko da bai gaishe nin ba. Wannan karon babu. Yaya, ina Idwal?

Taki mai ƙaunarki,
Nesta

Blaenant
10 ga Satumba

Nesta,

Bayan gaisuwa. Ke dai ba a ɓoye miki komai, tun kina yarinya haka kike, mai buɗe murfin tukunyar mutane.

Idwal yana asibitin tsofaffi na cikin gari tun bayan askin tumaki. Ban faɗa wa kowa ba sai fasto. Kunya ce ta hana ni, ban san ta mece ce ba, amma kunya ce. Mantuwa ta fara masa tun sanyin bara. Da farko sunan kare, sai hanyar coci. Ran da na same shi ya buɗe wa tumaki ƙofa suna bin titi, yana tsaye yana tambayata ko na ga matarsa, ran nan na kira likita.

A can ba ya zama. Ya sa hularsa ya tsaya a bakin ƙofa tun safe, duk wanda ya zo wucewa ya ce masa, “Don Allah ina hanyar Blaenant?” Ba ya hawa gadon, wai na mutane ne. Abinci a tsaye, cokali biyu. Sau biyu yana ficewa, sau ɗaya har gada aka kamo shi. Babbar nas mutuniyar kirki ce, amma ta faɗa min gaskiya: likita zai zagayo ranar ɗaya ga wata, in bai natsu ba za a mayar da shi babban asibiti can kudu, ɓangaren da ake kulle ƙofa. Bas biyu ne daga nan, ziyara sau ɗaya a wata. In aka kai shi can, Nesta, na rasa shi ke nan.

Kin tambayi dalilin ƙyallaye. Bai san fuskata ba, “baiwar Allah” yake ce min. Amma wata Laraba, kafin in aiko miki ƙunshin nan, ya kama hannun tsohon kwat ɗina, yana murza bakinsa da babban yatsa, inda ya zare. Ya kusa minti goma bai kalli ƙofa ba. A bas ina dawowa nake ta tunani: idonsa ya manta, to ko hannunsa bai manta ba? Shi ne na shiga gida da almakashi. Labulen nan shi yake ɗagawa kowace safiya ya duba sama. Tagar a buɗe take, kowa ya leƙa.

Ki hanzarta don Allah.

Yayarki,
Tegwen

Llanelli
19 ga Satumba

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na zauna na yi kuka, sannan na ji haushinki. Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ni mece ce amfanina?

Ga bargo nan, kwana takwas na yi shi, abin da nake yi a wata guda. Na mayar wa amaryar gidan Prosser rigarta rabi, na ce ta jira ko ta yi aure da ta uwarta. Ki duba da kyau, ba yabon kai ba, ban taɓa yin kamarsa ba. Na jiƙa komai da sabulu da soda sau biyu har warin nan ya fita, na goge. Tun kafin wankin na yanke wuyan rigunan da suka yi baƙi, da gwiwar hannu, da duk facin nan naki, ki yi haƙuri Yaya, amma ke a faci ba ki taɓa yin kirki ba. Daga kowace riga na fitar da tsakiyar baya inda yadin ke da rai. Shuɗi na sa a tsakiya, labule ya zagaye shi, kwat ya zama baki. Ɗinkin sama kuwa ganye ne da zuciya irin na Mama, duk kusurwa ta haɗu da 'yar'uwarta.

Na san kin ce ba ado. Amma ba za a shimfiɗa wa mijin yayata tsumma a gaban nas-nas su ce 'yan kan dutse ba su san tsafta ba.

Ki rubuto da wuri, ina so in ji me ya fara taɓawa. Ni na ce shuɗiyar ce.

Taki,
Nesta

Blaenant
23 ga Satumba

Nesta,

Ina gaishe ki. Bargo ya iso, na gode da wahala.

Na kai shi ranar Asabar. Nas-nas suka taru a kansa, wata har ta kirawo mai girki ta zo ta gani. Babbar nas ta ce ko a gasar bikin gona sai ya ci na ɗaya. Muka shimfiɗa, na kamo hannun Idwal na ɗora a kai. Ya shafa sau ɗaya. Sai ya ninke shi huɗu, tsaf, yadda yake ninke buhu, ya miƙo min ya ce, “Baiwar Allah, wani ya manta kayansa. Mai tsada ne, a ajiye masa kada ya yi datti.” Ya koma bakin ƙofa.

Na zauna a kan gadon na duba bargon ni ma, ina neman Idwal a ciki, ban same shi ba. Na sa hanci, sabulu. Na bi da yatsa, sumul ko'ina. Tsakiyar bayan riga kika ɗauka, Nesta. Wa ya taɓa shafa bayan rigarsa? Inda hannunsa ya sani shi ne inda ya cinye, wuyan, da bakin hannu, da gefen labule da ya yi baƙi don ɗagawa. Su kika zubar. Na ce miki ki haɗa su yadda suke, kalma biyar, ba ki ji ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na san da zuciya ɗaya kika yi, laifina ne ma da ban yi bayani tun farko ba. Amma ba ni da sauran abin yankawa, duk na aiko miki. Saura kwana takwas.

Tegwen

Llanelli
27 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa, da neman gafara. Kin yi gaskiya, ba ni da bakin magana. Shekara talatin ina koya wa 'yanmata su yanke inda ya mutu su bar inda ke da rai, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina don wa ba.

Amma ban zubar ba. Tun kafin in yi wanki na yanke su, na zuba a buhu na ba maƙwabcina Malam Gethin ya goge babur ɗinsa. Ina gama karanta wasiƙarki na fita da silifas. Na same shi a ƙasa yana kwance taya, na ce, “Ina tsummana?” Ya ce, “Wanne, wanda kika roƙe ni in raba ki da shi?” Na ce, “Shi. Miƙo.” Ya ce, “Tsufa dai ya fara taɓa ki, Nesta.” Na ce, “Ya taɓa uwarka.” Allah ya yafe min, matar ta rasu tun kafin yaƙi. Biyu kawai ya ɓata da baƙin mai, sauran suna nan da warinsu.

Ban wanke ba, ban goge ba, ban daidaita gefe ba. Na ɗora su a kan bargon ulu na soja na bi da manyan ɗinki. Wuyan riga uku, bakin hannu biyar da maɓallansu, gefen labule, facinki duka da ƙullinsu mai karce hannu. Aljihun kwat ɗin na same shi ɗungum, sai na ɗinka shi haka, bakinsa a buɗe. Bai kai tsawon gado ba, iyakarsa cinya zuwa ƙafa. Tun da nake ban taɓa yin mummunan aiki irin wannan ba, na rufe labulena ina yi kada wani ya gani.

Ban amince da gidan waya ba, direban motar madara da ke bin hanyarku na ba, zai ajiye miki a bakin ƙofar gona gobe da safe. Har yanzu ina da tambaya ɗaya, ki yi haƙuri: me zai fara taɓawa?

Ƙanwarki mai kunnen ƙashi,
Nesta

Blaenant
2 ga Oktoba

Ƙanwata Nesta,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida gwiwa.

Aljihun ne. Na ɗora masa bargon a hannu yana tsaye a ƙofa. Ya lalubi wuyan riga, ya wuce, sai hannunsa ya faɗa aljihu har wuyan hannu. Ya laluba ciki, ya sake lalubawa. Ya juyo ya harare ni ya ce, “Tegwen, kin sake kwashe min igiyar ɗaure shinge ko? Sau nawa zan ce ki bar min aljihuna?”

Na ce, “Ni ce na kwashe.”

Ya zauna a bakin gadon don ya ji daɗin yi min faɗa. A zaune ya ci abincin rana, hannu ɗaya a aljihu. Kwana huɗu ke nan, yakan je ƙofa amma yana dawowa. Likita ya zo jiya ya ce a bar shi a nan tukuna, a gani zuwa Kirsimeti.

Da yamma ta yi ya koma ce min baiwar Allah. Ban damu ba. Shekara arba'in da ɗaya yana min faɗan igiyar nan ina mayar masa, ranar Asabar kuwa na zauna kusa da shi na sha faɗa har ya gaji.

Ki zo ranar Lahadi ki gan shi.

Yayarki,
Tegwen