Gaisuwar Ardo Buba Ta Iso, Saƙonsa Bai Iso Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne sabon ma'aikacin da aka ɗauka gwaji bayan na gama bautar ƙasa, aka sa ni sauraron saƙonnin murya a ofishin Mafara. An ba ni takardar tuhuma kan shanun Ardo Buba na Janbako, an kuma ce a kanta za a yanke ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Na amsa ta hannun manaja, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ofisoshinmu na Mafara da Bakura da Maradun kowanne yana da na'urar da ke ajiye saƙon wanda ya kira bai sami kowa ba. An haɗa su don saƙonni su riƙa zuwa Mafara, inda likitan dabbobi yake. Sai dai wanda ya yi haɗin ya saita shi yadda rabin minti na farko kawai ke tsallakowa, wai don tsimin data. Sauran saƙon yana nan kwance inda aka bar shi. Ba wanda ya gaya mini haka. Sai bayan abin ya faru na gano.

Na biyu. Ardo ya kira layin Maradun ranar kasuwa. Abin da ya iso gare ni: ya yi sallama, ya gai da likita, ya tambayi gida da yara da gajiyar aiki, ya tambayi yadda muka ji da ruwa, ya yi wa ƙungiya addu'a. Sannan ya ce, "To, abin da yas sa nik kira…" Nan ya yanke. Na bi lambarsa sau da dama, babu sabis a rugarsu. Na kira Maradun, magatakarda ya tafi kasuwa da makullin ofis. Na sanar da likita, ya ce ba zai hau mashin zuwa Janbako a wannan hanya don gaisuwa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Da aka buɗe na'urar Maradun washegari, sai ga cikakken saƙon: cutar harbin daji ta shiga garkensa. Kafin likita ya isa, karsana biyu sun faɗi.

Na uku, wanda ya fi damuna. Maganin da aka kawo shi ne in naɗi muryata a farkon layi ina cewa mai kira ya bar gaisuwa ya faɗi buƙatarsa. Har yau na kasa. Dattijo kamar Ardo, wanda a shekaru ya haifi ubana, ni zan ce masa kada ya gaishe ni? A wajen Ardo, na'urar nan zauren likita ce, ba a kuma faɗa wa mutum zaure da buƙata a baki. Bai yi kuskure ba. Mu ne muka yi wa maganarsa awo ba mu gaya masa ba.

Ga roƙona. Ka saurari saƙon nan sau biyu, na Mafara da na Maradun, kafin ka yanke hukunci a kaina. A cire iyakar rabin mintin, a kuma duba na'urar Bakura, don ina zargin akwai saƙonnin mutanen Damri da muka ɗauka gaisuwa ce kawai. A tura babba ya je ya yi wa Ardo jaje. In laifin ba nawa ba ne, a janye takardar.

Jiya Ardo ya sake kira. Wani ya gaya masa abin da ya faru. Ya faɗi sunansa, ya ce sauran shanun sun warke sun tashi, ya kashe waya. Saƙon ya iso cikakke, har da sauran lokaci. Ko sallama bai yi ba. Na saurare shi, na rasa wanda zan amsa wa sallama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya mayar wa Ardo da alheri.

Wassalam,
Mustafa, ofishin Mafara.