Sawun Ƙafar Baba

Yaya Casilda,

Gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti a Sucre? Kar hankalinki ya tashi. Alfadari ya ka da Baba a gangaren gonar dankali, ƙafarsa ta dama ta gajarce, ta juya ciki. Na ce a nemo mota, Goggo Tomasa ta ce, "Ke yarinya ce. Wanda ya faɗi ba a ɗauke shi sai an kira kurwarsa, in ba haka ba a can za a bar ta." Muka wuni tana kaɗa ƙararrawa, tana ɗaga malafarsa, tana kiran sunansa. Washegari muka kai shi asibitin nan kusa, suka ce kwatangwalo ne ya goce. Sun yi masa allurar barci, suka ja ƙafar ta koma.

Abin da ya dame ni, Yaya, da Goggo ta yi kiran ƙarshe na ji an amsa daga ƙasan kwari. Bakin Baba kuwa a rufe yake.

Ƙanwarki,
Fermina

Fermina,

Ina amsawa, amma raina a ɓace yake. Kwatangwalo in ya goce, cikin awa shida ake so a mayar da shi. Jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini ne ke shaƙewa, in an daɗe sai ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali, mutum yana raye. Kar ya taka ƙafar sai da sanda. Ku riƙa kai shi hoton ƙashi. Abin da kika ji kuma amsa-kuwwar dutse ce.

Ki gaida Baba. Goggo kuwa, ki bar ta tukuna.
Casilda

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Zafin ya dawo, likita ya ce kan ƙashin ya fara lotsawa. Baba cewa yake, "Ƙafar nan ba ta dawo tare da ni ba."

Tun da damina ta sauka nake ganin sawu a laka a hanyar gona. Na dama ne kaɗai, ya juya ciki. Kullum yana matsowa gida. Baba kuwa bai koma gona ba tun da ya faɗi. Tsoro nake ji, ki zo.

Fermina

Fermina,

Na samo masa gado a asibitinmu, za a sa masa kwatangwalo na ƙarfe. Ina nan tafe ranar Asabar.

Casilda

Yaya,

Yau da safe sawun ya shiga ɗakin Baba, bai fito ba. Baba ya ce zafin ya tafi, ki soke gadon. Yanzu haka yana tsakar gida yana tafiya ba sanda.

Na dubi ƙafar. Ta juya ciki.

Kar ki jira Asabar.
Fermina