Motar Babanku Ba Ta Mutu Ba

Malumfashi, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Zubair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya tsare min kai, ya sa albarka a nemanka. Mu nan mun gode wa Allah. Ƙanwarka Sa'adiya ta koma makaranta, amma har yanzu ba ta cin abincin kirki. Kakarka ta Maska ƙafar ce dai ta matsa mata. Masarar gonar Tsiga ta isa girbi, wanda ya shuka ta ne bai gani ba. Da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da karkacewar layi, ka san iyakata aji shida. In na ɗauki waya kuka ke riga ni magana, shi ya sa zan ba Abdulmutallib direba ya kawo maka.

Maganar motar babanku ce. Baffanka Alhaji Hussaini ya shigo jiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce an gama shawara, Juma'a ta sama 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ja ta, tunda ta ƙi tashi. Ya ce ya kira ka, ka ce a yi duk abin da ya fi sauƙi. Wannan kalma taka ce ta hana ni cin tuwo. Abin da ya fi sauƙi, Zubair? Shekara tara mutumin nan yana ƙarƙashin motar nan duk Asabar, ba ka taɓa jin ya nemi sauƙi ba.

Na san ba ka son ta. Ina tuna yadda kake sauka a bakin titi don kada abokanka su gan ka a ciki. Da ya kawo ta daga Funtua ƙaramar mota ce ta kowa da kowa, sai da ya mai da ita abin da babu irinsa. Shi da ba bakanike ba, malamin gona ne, a waya yake kallon yadda ake yi. Ya yi mata fenti kore da hannunsa, ya ɓare da ruwan farko, ya sake. Ya cire rabin kujerar baya don buhu biyu su shiga. Ya sa mata ƙahon babbar mota, har awakin unguwa suka san shi. Kushin ɗin gaba da ragowar atamfata ya lulluɓe shi, ni na ɗinka ina masifa. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama, sai ya ce sai gobe, har yaran layi suka sa mata suna Sai Gobe. Yana jin su, yana dariya.

Abin da ban gaya maka ba da ka zo zaman makoki shi ne yadda ranar ta kasance. An ce maka ya faɗi an kai shi asibiti, shi ke nan. Ya kwance tayoyin duka huɗu ne tun ranar Alhamis, ya ɗora ta kan bulo a gindin mangwaro, zai sa mata dogayen sifirin ta ƙara tsawo. Ya ce hanyar Maska da damina ta fi ƙarfin ƙaramar mota, kuma ya gaji da ganina kan babur in za ni wurin Inna. Don ni ya kwance ta. Da hantsin Asabar na kai masa koko na tarar da shi a kwance gefenta, sufana a hannu, bakinsa ya karkace. Ga mota a gida, ga makulli a aljihunsa, babu taya ko ɗaya. Na fita ba mayafi ina neman keke napep. Wanda muka samu ya kafe a taɓon lungunmu, sai da maza suka tura. Kansa na kan cinyata, kafin mu kai kwanar asibiti na ji ya yi nauyi.

Na sani ajali ne. Malamai sun faɗa min, ni ma na faɗa wa kaina. Amma wata guda ban iya kallon gindin mangwaron nan ba. Na tsani motar nan tsanar da ban taɓa yi wa mutum ba. Da a lokacin 'yan gwangwan suka zo, da ni zan miƙa musu guduma.

Bayan sadakar arba'in baffanka ya kawo wani bakanike. Ya mai da tayoyin, ya sa batir, ya murza makulli, shiru. Kwana uku yana yi. Ina takaba, ba ni da fita, ta taga nake kallonsu. Ya fizge fankar da babanku ya ɗaura min a gaba, ya yanke wayoyin fitilun, yana cewa wanda ya yi wannan haɗin bai san abin da yake yi ba. Baffanka ya ce ai dama ɗan'uwansa Sada bai taɓa gama komai ba a rayuwarsa. A tsakar gidan babanku ya faɗi haka, a kan tabarmar marigayin. Wanda shekara tara bai taɓa riƙe masa ko jak ba, amma in iyalinsa za su biki Danja, babanku ake aika wa ya kai su a Sai Gobe. A ranar na gane ba motar nake jin haushi ba.

To ka saurara, kuma kada ka gaya wa baffanka. Motar lafiyarta ƙalau. Shekarar da aka yi ta satar motoci, babanku ya sa mata wani ɗan maɓalli a ɓoye, in ba a danna shi ba, ko za a kwana ana murza makulli ba za ta tashi ba. Bai sa shi a wajen direba ba, inda ɓarawo zai lalube. A ƙarƙashin kujerata ya sa, daidai inda dunduniyata take sauka. In shi kaɗai ne sai ya sunkuya ya miƙa hannu. In muna tare kuwa, sai ya riƙe sitiyari ya dube ni ya ce Hajiya, a ba mu izini. In na yi fushi da shi sai in ƙi dannawa, mu zauna a ƙofar gida kamar marasa aikin yi har sai ya ba ni dariya. Kwana ukun nan ina kallon bakaniken yana zufa, kalma ɗaya ce a bakina, na haɗiye ta. Allah ya yafe min. Na san tana tashi baffanka zai fita da ita, kuma ba zan sake ganin ta ba.

Ba na cewa a hana kowa gadonsa. Abu ɗaya nake roƙo. Takabata za ta ƙare nan da kwana ashirin da uku. Ka kira baffanka tun kafin Juma'ar nan ta sama ka ce ka janye maganarka, kai ne namiji, kai zai ji. Sannan ka zo. Dogayen sifirin ɗin suna ɗakinsa a cikin buhun taki, biyu ya riga ya ɗaura, saura biyu. Ka ƙarasa masa. Ranar da zan fita, ina so fitata ta farko ta zama a cikinta, ka kai ni Maska in ga Inna, kamar yadda ya yi niyya. Bayan nan in kun ga dama ku sayar wa mai hawa, ba mai fasawa ba. In kuma ba ka kira ba, zan ji ƙarar guduma daga ɗakina, kuma ba zan ce maka komai ba.

Ka gaida Nana Khadija, ka ce na ga turaren da ta aiko, sai na fita zan shafa. Ka shafa min kan mai sunan babanku. Sa'adiya tana gaishe ku, Inna ma haka. Makullin yana wurina, na karɓe shi da sunan zan ajiye. Ka zo ka riƙe sitiyari, ni zan ba da izini.

Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka.

Ni ce mahaifiyarka,
Amatullah