Lambun da Ke Cikin Gilashi

Ya Khairiyya, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake gudu zuwa gare ta,

Sallama irin ta mai kewa. Ni ne Jelaninki, in har yanzu kina yarda a ce haka.

Kin tuna yammacin da muka haɗa ɗan lambun nan a shagonku na Sama Road? Injinki mai ƙera kaya yana ta saƙa gindinsa, mazaunin gilashin, da zaren roba, ke kina jera tsakuwa da gawayi da ƙasa, ni ina riƙe da gansakuka kamar mai riƙon jariri. Kika kife gilashin a kai, kika ce ba ya son rana, ba ya son ruwa da yawa, gumin jikinsa ya ishe shi. Kika damƙa mani shi amana, kika tafi Zariya karatu.

Wallahi na riƙe amana, Khairiyya! Inna ce ta zo daga ƙauye. Matar da ta tsufa a gonar gero, mi ta sani ban da shuka na son rana da ruwa? Tausayi ya kama ta, wai an kulle ɗan tsiro ba laifin komai. Ina wurin aiki ta fitar da shi tsakar gida, ta sheƙa masa buta guda. Ranar Sakkwato fa! Na dawo na tarar gindin ya lanƙwashe, gilashin ya ƙi zama, gansakukar ta dahu kamar zogale a tukunya. In yi wa uwata faɗa? Da wane baki?

Na aika maki hoto don ban iya ɓoye maki komai. Tun ranar kika yi shiru. Haba, hasken raina! Shirun nan ya fi zagi ciwo. Kin ɗauka wanda ya kasa riƙon tsiro ba zai iya riƙon mace ba, ko?

Saura ɗan kore guda, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ɗaure bakin gilashin da roba, na ajiye shi bayan ƙofa, kullum koren yana ƙara ƙanƙancewa. Ba zai rayu ba sai da sabon gindi, awonsa kuwa yana wurinki. An ce akwai mai yi a Sabon Gari. Ban je ba, ba kuma za ni ba.

Ki aiko da awon, don Allah. In kuwa kin gama da ni, faɗa mani da bakinki, in ɗage gilashin in bar tsiron ya huta.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har a kai ni makwanci,
Jelani