Kujerar Baban Yara

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, sai shekaranjiya na san abin da ya faru da Baban yara, ina kwance rub da ciki a gadon likitan gyaran ƙashin baya. Kin san tun jinyar marigayin, bayana ya riƙe, saboda ɗagawa da kwantarwa. Likitan yana bin ƙashin da yatsa gaɓa-gaɓa, ya tambaye ni inda na samo ciwon. Na ce a jinyar mijina ne, telan nan mai shago kusa da mai gyaran babur. Sai na ji hannunsa ya tsaya.

Ashe ya san shi. Ya ce bara ya zo, ya duba shi, ya ƙi taɓa shi. Wai su aikinsu gaɓar da ta riƙe da naman da ya ɗaure, amma ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, ga mutum yana ramewa, ba na dannawa ba ne. Ya ce masa ya wuce babban asibiti a ɗauki hoto, kada ya yi wasa.

Kin san abin da bawan Allahn nan ya dawo ya faɗa mini? Wai likita ya ce gajiyar keken ɗinki ce, a riƙa taka masa bayan da yamma. Ni kuwa na dafa bango na yi ta takawa wata da watanni, yana cewa ƙafata ta fi hannun kowane likita. Ina kewarsa kamar raina zai fita, amma wallahi da zai dawo yau, faɗa zan fara yi masa kafin in kawo masa ruwa. Allah ya jiƙansa, mutum sai taurin kai.

To ga ɗana Dogo ya gaji keken, ya gaji kujerar, ya gaji halin. Jiya na tarar da shi kwance a ƙasa, 'yarsa tana tsalle a gadon bayansa, yana cewa ta matsa sama kaɗan. Na ce ya je a duba shi, ya ce ai Baba ma haka yake yi. Kin ji fa. Ni ya raina ni, ke yake jin nauyinki. Don Allah ki kira shi. Ba zan iya wata jinyar ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, tare da fatan kun tashi lafiya. Allah ya saka da alheri, ban san me kika gaya masa ba, amma ya je, yana tafe yana ƙunƙuni.

Likitan bai fara da dannawa ba. Ya sa shi ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa, ya yi tafiya da dunduniya, ya tambaye shi ko ƙafar tana mutuwa, ko yana ramewa. Alhamdulillahi, nasa na zama ne kawai. Da ya danna masa wata gaɓa ta ce ƙas, ƙaton nan da gemunsa sai da ya kira Mama.

Amma likitan ya ce gyaran ba zai daɗe ba in bai gyara zamansa ba. Ya riƙa miƙewa yana ɗan zagayawa, ya durƙusa da gwiwa in zai ɗauki ɗaurin yadi, ya daina kuma mayar da jikata injin tausa. Babban abin dai kujerar ce. Babansa gajere ne, shi ko kin san shi, yana zaune gwiwa a sama, baya a lanƙwashe kamar lauje. Sai an ƙara mata ƙafa an sake abin jingina.

Dogo ya ce ba mai taɓa kujerar Babansa. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na ce kujera ce ko uwarsa? Sai ya ce in na iya in kai ta da kaina.

Na kira kafinta, na shiga shagon da fushina. Yaya, tef ɗin awon marigayin yana nan rataye a jikin kujerar yadda ya bar shi, katifarta ta lotsa daidai zamansa. Na dafa ta zan ɗauka, sai kawai na zauna. Da kafintan ya zo na ce masa ya je, zan neme shi.

Dogo ya kawo mini ruwa. Yana nan yana ɗinki a lanƙwashe, ina kallonsa raina yana ɓaci. Kujerar dai har yanzu ba a kai wa kafinta ba.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Auta